Mu koya wa ƙannenmu shari'a tun kafin shari'a ta same su

(Jawabin da aka gabatar a wani zaman matasa, iyaye da malaman makaranta a Azarori, gundumar Madawa, jahar Tawa. Ga shi kamar yadda aka yi shi, da ɗan gyara kaɗan.)



Iyayenmu da suka bar ayyukansu suka zo, Allah ya ƙara girma. Malamanmu, su mushe da su madam, Allah ya saka da alheri. Abokaina matasa da suka taso daga Madawa da Buza da Keita, da ƙannena ƴan kwaleji da ƴan lise, sannunku da zuwa.

Da tambaya zan fara. Cikinku wa ya taɓa shiga ɗakin shari'a na Madawa haka kawai, ba a kai ƙararsa ba, shi ma bai kai ƙarar kowa ba, ya samu benci ya zauna ya saurara? Ba sai kun ɗaga hannu ba. Galibinmu ba mu ma san an yarda a yi haka ba. Alhali in ka cire shari'ar ƙananan yara da wadda alƙali ya ce a yi a keɓe, zaman kotu na kowa ne, ƙofa a buɗe take. Mu dai mun tashi mun tarar ana cewa "Allah ya raba mu da jastis", muka ce amin, muka wuce.

Addu'ar tana da kyau. Amma ku dubi abin da ke biyo baya. Ranar da mutumin ƙauyenmu ya fara ganin kotu, ita ce ranar da yake cikin masifa. Ya tarar da mutane cikin baƙaƙen riguna suna Faransanci, tafinta na juya masa magana gutsure-gutsure. Bai san wane ne purokire ba, wato mai gabatar da ƙara da sunan al'umma, bai san wane ne magatakardan kotu ba, bai san lokacin da ya kamata ya yi magana da lokacin da shiru ya fi masa amfani ba. Ko da gaskiya a hannunsa, tsoro ya riga ya cinye rabinta. Hausawa suka ce rashin sani ya fi dare duhu, kuma a gaban alƙali duhun nan yana iya jawo wa mutum asarar gona, ko watanni a gidan kaso.

Shawarar da na zo da ita yau guda ce: mu kafa gasar kotun gwaji tsakanin makarantun sakandare na gundumomin nan uku. Bari in faɗi mece ce, in faɗi dalilin da ya sa nake ganin mu muka fi kowa bukatarta, sannan in faɗi yadda za a yi ta da abin da ke hannunmu.

Kotun gwaji shari'a ce ta ƙirƙira wadda ɗalibai ke gudanarwa bisa ƙa'idar kotu ta gaske. A Amurka abin ya yi ƙarfi ƙwarai. Tun 1972 ɗaliban shari'a na jami'ar Jojtawun suka fara shiga makarantun sakandare na birnin Washinton suna koyar da dokokin yau da kullum. A 1984 aka yi gasar ƙasa ta farko ta ƴan sakandare a birnin Des Moines na jihar Ayowa, kuma har yau zakarun jihohi na haɗuwa su kara. Yadda suke yi shi ne: ana ba kowace makaranta dosiye iri ɗaya, a cikinsa akwai labarin abin da ya faru, da bayanan shaidu a rubuce, da takardun hujja, da dokar da ta shafi lamarin. Wasu ɗalibai su zama lauyoyi, wasu su zama shaidu. Shaida ba shi da ikon ƙirƙiro abin da ya saɓa wa bayanin da aka rubuta masa. In ya yi, lauyan ɗaya ɓangaren zai kama shi da takarda a hannu. Kowane mataki da mintocinsa. Alƙalai da lauyoyi na gaske ke zama su ba da maki, kuma makin yana bin ingancin hujja da iya tambaya. Ana iya ba ka rashin gaskiya a hukunci amma ka ci gasa, don ka fi iya kare abin da aka ba ka.

A nahiyarmu, Afirka ta Kudu ta fara tata gasar ta ƴan makaranta a 2011, da ƙoƙarin marigayi Farfesa Christof Heyns na jami'ar Pretoriya da haɗin gwiwar hukumomin ilimi da na shari'a. Tasu ba ta da shaidu, muhawara ce kan abin da tsarin mulki ya ce. Ɗalibai biyu-biyu ke fara rubuta hujjojin ɓangarorin biyu, waɗanda suka tsallake su je zagayen baka, zagayen ƙarshe kuma a yi shi cikin zauren Kotun Tsarin Mulki a Johannesbag, ginin da aka yi a harabar wani tsohon gidan kaso na zamanin wariyar launin fata. Ku yi tunanin yarinya ƴar shekara 16 daga ƙauye tana tsaye a wurin tana kawo hujja, manyan alƙalai na yi mata tambaya.

Cikin duk ƙa'idojin nan akwai guda wadda saboda ita na zo. Kowace ƙungiya dole ta shirya ɓangarorin biyu. Da safe kai ne mai ƙara, da marece kai ne mai kare wanda ake ƙara. Ba ka da zaɓi. To wannan ƙa'idar ita ce maganin wata cuta da ke cin mu.

Ba sai na je nesa ba. A farkon Nuwamba 2016, a Bangi, nan cikin gundumar Madawa, rigimar da ta taso daga ɓarnar dabbobi a gona ta ci rayukan mutum aƙalla 18, har da mata da yara, aka ƙona gidaje. Iyayenmu da ke nan suna tuna Toda, cikin jahar Maraɗi, a 1991, inda aka kashe mutane sama da 100. Allah ya jiƙansu, Allah ya kiyaye gaba. A wuraren nan biyu akwai hanyar da doka ta shimfiɗa: a kai wa mai gari ko sarki, a ƙiyasta ɓarna, a yi sulhu, in sulhu ya ƙi a tafi gaban alƙali. Amma fushi ya riga doka isa wurin. Kowane ɓangare ya ji labarin nasa ɓangaren kaɗai, ya yanke hukunci, ya zartar.

Yanzu ku ɗauka mun rubuta dosiye irin namu. Sunaye duk na ƙirƙira ne. Garken wani makiyayi ya shiga gonar wake da dare, saura kwana biyar ranar da hukuma ta tsayar ta sakin gonaki. Manomi ya ce an cinye masa abin da zai ciyar da gidansa, kuma ranar sakin ba ta zo ba. Makiyayi ya ce gonar ce ta ci burtali, shekara da shekaru ana matsa iyaka taƙi-taƙi har hanyar zuwa rijiya ta toshe. Shaidu uku: yaron da ya bi sawun dabbobi da asuba, wakilin hukumar kula da filaye, wadda muke kira Kofo, riƙe da taswirar burtali, da mai garin da ya gwada sulhu ya gagara ya rubuta takarda. Dokar da za a ba su ita ce ta ƙasarmu: dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993, da dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 wadda ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi, ta kuma hana toshe burtali.

Sai a ce wa ɗan manomi: yau kai ne lauyan makiyayi. A ce wa ɗan Abzinawa ko ɗan Fulani: kai kuma kare manomi. Wallahi yaron da ya yi wata biyu yana neman hujjar da zai kare mutumin da aka koya masa ganin laifinsa, ba zai fito kamar yadda ya shiga ba. Ba lallai ya sauya ra'ayi ba. Amma ranar da aka zo da gudu ana cewa "sun shiga gonar wane", tambayar farko da za ta zo bakinsa ita ce: wa ya gani, ƙarfe nawa, ina burtali ya bi? Mintocin da ake ɓatawa wajen amsa tambayoyin nan, sau da yawa su ne ke tsakanin sulhu da jana'iza. Kuma a Azarori, inda Abzinawa Kel Geres da Hausawa da Fulani ke cin kasuwa ɗaya, suna shan ruwan rijiya ɗaya, wane wuri ya fi nan dacewa a fara?

Dalili na biyu, sunan wata baiwar Allah ce daga jaharmu: Hadijatu Mani. A 1996, tana ƴar shekara 12, aka sayar da ita jika 240 a yankin Ƙonni, ta zama wahaya. A 2003 Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuka, da ɗaurin shekara 10 zuwa 30. Doka ta fito, amma Hadijatu tana nan inda take. A 2005 aka ba ta takardar ƴanci, sai mai gidan ya ce ai matarsa ce, ba za ta tafi ba. Aka yi ta kai da kawowa a kotuna. Da ta auri wanda take so, a 2007 aka yanke mata ɗaurin wata shida bisa zargin aure kan aure, har ta shiga kaso. Da taimakon ƙungiyar Timidria da abokan aikinta na waje maganar ta kai kotun CEDEAO, wadda ta zo ta zauna a Yamai. Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ta ce ƙasa ta kasa kare ta daga bauta, ta umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10.

Abin da nake so ku riƙe a labarin nan shi ne tazarar da ke tsakanin doka a takarda da doka a hannun talaka. Abin da ya cike tazarar ga Hadijatu mutane ne da suka san hanya: wace kotu, wace takarda, cikin kwana nawa ake ɗaukaka ƙara. Kuma kun sani tun 29 ga Janairu 2025 ƙasarmu ta fita daga CEDEAO. Ban zo yin muhawara kan wannan ba, kowa da ra'ayinsa. Amma ko wane ra'ayi gare ka, lissafin ɗaya ne: nauyin ya dawo kacokan kan kotunanmu na gida, na Madawa da Buza da Keita, da manyan kotunan Ƙonni da Tawa. Mafi yawan lauyoyin ƙasar nan kuwa a Yamai suke zaune. In babu lauya a kusa, aƙalla a samu a kowane gida yaro ɗaya ko yarinya ɗaya da ta san cewa tsarewa a ofishin jandarma ko na ƴan sanda, a laifuka na yau da kullum, awa 48 ce, kuma ba a ƙara wasu 48 sai da izinin purokire. Wadda ta san cewa tun 2011 akwai hukumar ANAJJ da aka kafa don taimaka wa marasa hali a gaban shari'a. Wadda ta san cewa aikin sarki da mai gari sulhu ne, in ɗayanku bai yarda ba a rubuta takardar rashin sasantawa a wuce gaba, kuma yin haka ba raini ba ne ga sarauta, doka ce ta tsara.

Dalili na uku na ku ne, ƴan birni masu waya a hannu. Kullum muna zaman kotu a Facebook da WhatsApp. A turo hoton mutum a ce ɓarawo ne, kafin la'asar mun yanke masa hukunci mu dubu, babu wanda ya tambayi wanda ya ɗauki hoton. Ga shi kuma dokar laifukan intanet ta 2019, bayan gyaran da aka yi mata a watan Yuni 2024, ta maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi ta waya. Ke nan yaron da ya tura saƙon murya bai tantance ba, yana iya cutar da wani, yana kuma iya jefa kansa cikin kaso. Dosiye na biyu a gasarmu sai ya zama wannan: saƙon murya da ya zagaya gari, da wanda ya fara shi, da wanda ya tura kawai. A bar yara su yi ta gwabzawa kan inda ƴancin magana ya tsaya da inda mutuncin wani ya fara.

Na san akwai masu ja, kuma jan nasu yana da tushe.

Wani uba zai ce: wannan ai koya wa yara tsaurin ido ne, gobe su zo suna yi mana gardama a gida. Baba, Allah ya ja kwana, a kotu ba a katse babba, ba a ɗaga murya, ba a magana sai an ba ka izini, kuma duk abin da ka faɗa sai ka nuna inda ka samo shi. Yaron da ya saba da wannan ladabi ya ƙaru. Kuma ƙa'idar cewa mai ƙara shi ke kawo shaida, malamanmu na zaure sun karantar da ita tun kafin Bature ya taka ƙasar nan.

Wani zai ce al'adar Turawa ce. To ku tambayi mutanen Damagaram labarin wasan kara, inda talakawa ke shiga rigar manya, wannan ya zama sarki, wancan ya zama gwamna, a kwaikwayi mulki a bainar jama'a, manyan da kansu suna kallo suna dariya. Ku tuna tashe cikin azumi. Mun daɗe da sanin cewa da wasa ake koyon abin da ya fi ƙarfin wasa. Abin da za mu ƙara kawai shi ne doka ta gaske da alƙali na gaske.

Su mushe kuma za su ce: ga BEPC, ga Bak, ina lokaci? Gaskiya ne, shekarar karatu gajera ce. Amma me ake nema ga ɗalibi a jarrabawar filozofi da ta Faransanci in ba ya kawo ra'ayi, ya kawo kishiyarsa, ya auna su ba? Aikin ɗaya ne, sai dai a nan yana yin sa a tsaye, da bakinsa, gaban jama'a.

Akwai haɗari guda wanda ni kaina nake tsoro. In ba mu yi hattara ba, gasar za ta zama ta ƴaƴan masu hali da suka iya murɗa harshe da Faransanci, ɗan ƙauye ya koma ɗan kallo. Saboda haka ina ba da shawarar sharuɗɗa tun yanzu. Na farko, harshe. Kundin sake gina ƙasa na 26 ga Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. To a yi zagaye ɗaya da Hausa, ɗaya da Faransanci, makinsu daidai. Shaidan da ya fi sakewa da Tamajak ko Fulatanci ya yi da harshensa, wani ɗalibi ya zama tafinta, shi ma a ba shi maki, don tafinta mai amana rabin adalci ne a kotunanmu. Na biyu, kowace ƙungiya rabi mata rabi maza, kuma kada a tara matan a layin shaidu a bar wa maza rigar lauya. Na uku, kada mu kwafi abin da muke gani a finafinan Amurka. A tsarinmu shugaban kotu ne ke jan ragamar tambayoyi, kuma a shari'ar da ta shafi al'ada, kamar aure da gado da gonar da ba ta da takarda, akwai masana al'ada da ke zama gefen alƙali suna ba shi shawara. Mu kwaikwayi kotun da yaranmu za su tarar in sun je Madawa. Na huɗu, kada a taɓa ɗauko rigimar da ke gudana a gari a kawo ta gasa, ko da an sauya sunaye. Garuruwanmu ƙanana ne, kowa zai gane, mu je gyara mu ɓata.

Maganar kuɗi fa? Aji ɗaya, tebur uku, benci, da kwafin dosiye. Riga baƙa ko babu ita shari'a na yiwuwa. Abin da ke da tsada shi ne mutane, kuma muna da su. Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa tana da sashen koyar da shari'a. Ɗalibanta ƴan asalin yankin nan, in sun zo hutu, su ne masu horarwa. Su rubuta dosiye tare da malaman tarihi da na Faransanci, a kai wa wani ma'aikacin shari'a ya duba kada mu koyar da kuskure. Mu je da ladabi mu nemi izinin hukumomin ilimi, mu roƙi alƙali ko magatakardan kotu ya ba mu yini ɗaya, mu gayyaci wakilin sarki da na Kofo su zauna cikin masu ba da maki. Lokaci kuma tsakanin Janairu da Maris: an gama aikin gona, zafi bai yi tsanani ba, jarrabawa da saura. A fara cikin kowace makaranta, a fitar da zakaran kowace gunduma, sannan ukun su haɗu. Ko makarantu biyu kaɗai suka amsa a shekarar farko, a yi da su. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ban ce wannan zai gyara shari'ar ƙasar nan ba. Jinkirin shari'a, da cunkoson gidajen kaso, da ƙarancin alƙalai, duk suna nan, kuma za mu ci gaba da magana a kansu. Mutanenmu na cewa shari'a mace ce mai ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. Haka ne. Amma wanda ya san yadda ake tsayawa gaban alƙali, ya san abin da zai tambaya da takardar da zai riƙe, ya rage wa kansa zullumi, kuma da wuya a sayar masa da tsoro a ƙofar kotu a ce ya kawo wani abu "a gyara magana".

Ga abin da nake roƙo kafin mu watse. Ƙannena ƴan makaranta, ku tambayi ranar da kotun gundumarku ke zama, ku nemi izinin malaminku, ku je ku biyar ko ku shida ku zauna a baya ku saurara, da littafi da biro. Ku rubuta wa ya fara magana, wa ya biyo, me alƙali ya tambaya, wace kalma ce ba ku gane ba. Gani ya kori ji. Malaman da ke shirye su riƙe ƙungiya a makarantarsu, da ɗaliban shari'a da za su iya horarwa, akwai takarda a bakin ƙofa, a rubuta suna da makaranta. Iyayenmu kuma, abin da muke nema gare ku izini ne, musamman ga ƴan mata, da kuma ku zo ku zauna a gaba ranar da za a yi.

Masu karanta wannan daga Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa, in akwai mai ilimin shari'a cikinku da zai taimaka wajen rubuta dosiyen farko, ƙofa a buɗe take.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa albarka cikin karatun yaranmu.